Ni na shigar da Dakta zauren garinmu

Ba zan faɗi sunan garinmu ba. A jihar Zamfara yake, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Gusau a lokacin da hanya take hanya. Abin da ya sa na ɓoye sunan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Muna da zaure a WhatsApp, irin wanda kusan kowane gari yake da shi yanzu. Don sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa aka buɗe shi, da karo-karon gyaran masallacin Juma'a. Da ɓarayin daji suka matsa mana, sai aikinsa ya canza. A nan ake cewa an ga babura sun gifta yamma da gari, kada mai zuwa kasuwa ya biyo ta gada. A nan ake lissafin wanda aka ɗauka da wanda aka sako. Dattawan da ba su iya rubutun boko ba sai su danna su yi magana, muryarsu ta iske mu da muke Gusau da Kaduna da Legas. Mu uku ne admin. An sa ni ne don ina koyarwa a wata babbar makaranta a jihar nan, kuma ba a cika samuna babu data ba.

Wata rana wani abokin karatuna ya kira ni, ya ce akwai wani Dakta a wata jami'a da ke nazarin yadda mutanen karkara suke rayuwa cikin matsalar tsaro, yana son ya ga yadda jama'a ke tattaunawa a tsakaninsu. Muka yi waya da Daktan. Mutum ne mai ladabi, Hausarsa garau, kuma har gobe ban yarda mugu ba ne. Ya ce ba zai tofa komai ba, kallo kawai zai yi, ba kuma zai sa sunan kowa ba. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Na sa lambarsa. Ban gaya wa kowa ba, ko sauran admin biyun. A zauren da ya haura mutum ɗari, baƙuwar lamba ɗaya ba ta tada hankali, kowa zai ɗauka wani ɗan gari ne ya canza layi.

Bayan fiye da shekara, wani yaronmu da ke karatu a jami'a ya ci karo da maƙalar a intanet. Da murnarsa ya turo ta zauren, wai ga shi an yi rubutu a kan yankinmu da Turanci. Dakta ya cika alƙawari, babu sunan kowa. Akwai dai wani manomi ɗan kimanin shekara sittin, wanda aka taɓa ɗauke ɗansa ana gab da girbi, yana ba da labarin yadda shi da wasu dattawa biyu suka bi gida-gida suka tara kuɗin da ɓarayi suka yanka wa gari kafin a bari a shiga gona, da wurin da suka kai kuɗin. An kawo maganar da Turanci, sannan aka sa asalinta a ƙasa da harshenmu na nan, da su munka da sunka da anka. An kuma ambaci ƙaramar hukuma. Yaro ɗan shekara goma a garinmu zai gaya maka kawuna ne.

Ga wanda bai san harkar ba, binciken jami'a a kan al'umma gida biyu ne a dunƙule. Akwai na ƙidaya, a raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari biyar a fito da kashi kaza cikin ɗari. Akwai kuma wanda nake kira binciken sauraro, inda mai bincike yake bibiyar mutane ƙalilan ya ji yadda suke ba da labarin rayuwarsu da bakinsu, ya tono ma'anar da ke kwance ƙarƙashin maganar. Wannan na biyun, gishirinsa duk yana cikin kalmomin mutum yadda ya furta su. A nan kuma haɗarinsa yake. Mutum yana iya ɓacewa cikin alƙaluma, amma maganarsa tana ɗauke da kamanninsa kamar tsagar fuska.

A da, mai irin wannan aiki sai ya hau mota ya je garin, ya gai da hakimi ko mai gari, a haɗa shi da ɗan rakiya, ya yi sallama a ƙofar mutum, a shimfiɗa masa tabarma a kawo ruwa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mai gida yana kallonsa, yana ganin rikoda a ajiye. In magana ta zo inda ba ya so, sai ya ce Malam kashe abin nan tukuna. Wannan doguwar hanya da matasan masu bincike ke gani ɓata lokaci ce, ita ce take ba talaka damar cewa a'a. Soshiyal midiya ta sauke wa mai bincike wahalar, ta kuma haɗa da damar talakan ta tafi da ita.

Hujjar da na fi ji a bakin abokan aikina ita ce ai abin a fili yake. Shi ya rubuta da hannunsa a Facebook, duniya na gani, ni me na yi? Ni ma na daɗe ina faɗin haka a aji. To amma mu dubi yadda muke zaune. Mace tana iya tsayawa a bakin rijiya ta gaya wa ƙawayenta abin da ke tsakaninta da kishiyarta. Bakin rijiya fili ne, babu ƙofa babu katanga, mai wucewa da jaki ma yana iya tsintar wani abu. Duk da haka in wani ya laɓe ya rubuta ya kai gidan rediyo, ba mai cewa ya kyauta don wai a fili aka yi. Kowa ya san ga waɗanda ta yi maganar dominsu. Mai rubutu a Facebook ma haka yake. Idan ya zauna da dare yana kukan an kashe yayansa a gona, 'yan uwansa da abokan makarantarsa yake gani a gabansa, waɗanda za su ce masa Allah ya jiƙansa. Ba ya ganin wani mai tattara bayanai da zai sa wa kukansa lamba ya jera shi ƙarƙashin babi na huɗu. A wani bincike da aka buga a 2018, an tambayi masu amfani da Twitter, sai aka tarar fiye da kashi 60 cikin 100 ba su ma san masu bincike suna ɗibar rubutunsu ba. Waɗannan masu karanta Turanci ke nan. Ina ga kawuna, wanda jikansa ne ya nuna masa inda ake dannawa?

Wata malamar jami'a a Amurka, Helen Nissenbaum, ta daɗe tana bayanin cewa kowace magana tana tafe da ƙa'idar wurin da aka yi ta, kuma cutarwa tana farawa ne ranar da aka ɗauke ta daga wurinta aka kai inda ba don can aka yi ta ba. Da na karanta sai na ji kamar ana maimaita mini karatun zaure da wani harshe. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Bai ce ka riƙe mini sirri ba, waiwayen kawai ya yi, ya isa. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, ba a ce sai in ƙofar a kulle take ba. A Suratul Hujurat kuma an hana bin diddigin sirrin mutane. Mun san waɗannan tun muna riƙe da allo. Abin mamaki, da muka riƙe waya sai muka zauna jiran kwamiti daga Turai ya gaya mana ko sun shafe ta.

Sai maganar cire suna, wadda ita ce ta ruɗe ni. Mun ɗauka da zarar an mai da Malam wane ya koma "mai ba da bayani na 7", shi ke nan an rufa masa asiri. A 2008 wasu masu bincike a Amurka suka saki bayanan Facebook na ɗalibai kusan 1,700 bayan sun cire sunaye, har da sunan makarantar. Cikin 'yan kwanaki aka gano Harvard ce, ta hanyar kwasa-kwasan da ɗaliban ke karantawa da wasu ƙananan alamu. A 2018 kuma wasu suka bi maƙalun kiwon lafiya da aka yi da bayanan Twitter a 2015 da 2016. Kashi 72 cikin 100 sun kawo maganar wani kalma da kalma, kuma da aka kwafi maganar aka nema a intanet, a kashi 84 cikin 100 na lokutan an dira kan mai ita. Maƙala ɗaya tak ta ce ta nemi izinin mai maganar.

Wani zai ce ai namu saƙon murya ne, kuma da Hausa, Google ba ya nemo shi. Gaskiya ne. Sai dai ɗan gari ba ya buƙatar Google. A ƙauyen da kowa ya san akuyar kowa, shekarun mutum da sana'arsa da masifar da ta same shi sun fi sunansa nuna shi, don Muhammadu goma ne a unguwa ɗaya, amma wanda aka ɗauke ɗansa gab da girbi kuma ya tara kuɗin haraji mutum ɗaya ne. Karin harshe ma yana tona asiri. Bazamfare yana jin maganar mutum ya ce wannan daga wajen Zurmi yake, wancan daga wajen Gummi. Mai bincike yana barin maganar yadda take don ta yi armashi a takarda, armashin kuma shi ne sawun da za a bi.

Kuma mu faɗi gaskiya, gano mutum a nan da gano shi a Harvard ba ɗaya ba ne. Can a ji kunya, ko a rasa aiki. Nan ana iya rasa rai, ta fuska fiye da ɗaya. A watan Yuni na 2022 gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga ɓarayin daji da masu garkuwa da mutane da masu kai musu bayanai, da ɗauri mai tsawo ga wanda ya tallafa musu. Dattijon da ya ɗauki kuɗin gari ya kai daji, don dai a samu a yi noma, a wane layi zai faɗa in takardar ta shiga hannun jami'in da ba ya son dogon bayani? A wajen 'yan sa-kai kuwa, kalmar infoma ba a jiran kotu a kanta. Su kuma na dajin suna da wayoyi, suna da masu karanta musu, kuma ga mutum ya faɗi inda ake kai musu kuɗi. Ƙara da cewa tun ƙarshen 2020 gwamnati ta sa a haɗa kowane layi da lambar NIN. Lambar waya yanzu suna ce da hoto da zanen yatsa, WhatsApp kuma yana nuna wa duk wanda ke cikin zaure lambar kowa. Ranar da na sa Dakta, rajistar garinmu na miƙa masa.

Ba na son a karanta wannan a ce ina kiran masu bincike su tattara komatsansu su bar mu. Shirun da aka yi a kanmu shekara da shekaru ya fi kowace maƙala cutar da mu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Abare, kuma sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka iso suka ga sababbin ƙananan kaburbura sannan duniya ta ji. Bagega, wani ƙauyen Anka, ta yi ta jiran a kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa har 2013, kuma hayaniyar da matasa suka yi a soshiyal midiya tana cikin abin da ya sa aka saki kuɗin. Na san amfanin a ji mu. Na kuma san malamin da ke da mata da 'ya'ya ba zai kama hanyar Ɗansadau don ya yi hira da manoma ba, hanyar da mutanen can kansu suke jiran rakiyar sojoji kafin su bi. In wayar ce kaɗai tagar da ta rage, a leƙa ta nan ɗin. Rigimata da yadda ake leƙen ce.

Akwai kuma masu cewa in ka sanar da mutane kana kallo, za su gyara bakinsu, ka rasa ainihin maganar. Haka ne, za su gyara. Haƙƙinsu ne su gyara. Abin da mutum ba zai faɗa ba in ya san kana nan, shi ne daidai abin da ba ka da ikon bugawa. Kuma wanda ya taɓa yin wannan aiki da gaske ya san baƙunta ba ta daɗewa. Mako biyu, uku, an saba da kai, ana tsokanarka, wani ma ya bi ka ta bayan fage ya ba ka abin da ya fi wanda za ka sata, ya kuma gaya maka wane ɓangare za ka rubuta wane za ka bari.

Masu cewa ba za a iya neman izinin mutum dubu ba, su ma suna da tasu gaskiyar, amma rabi ce. In kana duba yadda dubban mutane suka yi magana a fili a kan ɗauke 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, kana son ka ce yawanci sun zargi wane ko sun roƙi kaza, ba wanda zai ce ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma binciken sauraro ba dubu yake kawowa a takarda ba. Magana goma sha biyar ce ko ashirin ake zaɓa a kafa hujja da su. Mutum ashirin ana iya tura musu saƙo. Wanda ya yarda a kawo tasa, wanda ya ƙi a bar masa abarsa, wanda ba a samu ba a juya maganar da wasu kalmomi, a sauya abin da zai nuna shi, a kuma gaya wa mai karatu an yi haka da dalili. Wani ma zai ce sai an sa sunansa. Marubucin da ya ɓata dare yana tsara waƙe a kan garinsu, ko 'yar gwagwarmayar da ta zaɓi ta fito da fuskarta, in ka mai da su "mai ba da bayani na 3" ka cinye musu guminsu. Ba ka sanin wane ne wane sai ka tambaya.

Ban kuma ce kowa daidai yake da kowa ba. Gwamna ko kwamishina ko mai magana da yawunsa da ya wallafa abu a shafinsa, don duniya ya wallafa, a kawo shi da sunansa da ranar. Ɓarawon dajin da ya fito a TikTok yana baje kuɗi a tabarma yana taƙama, bai cancanci a je neman yardarsa ba. Amma yaran da suka taru a ƙarƙashin bidiyon suna turo lambar asusu, wasunsu ba su kai shekara goma sha takwas ba, yunwa da wauta ce ta kai su, waɗannan in ka ɗauki hoton allo da sunayensu ka manna a kundinka, ka rubuta musu takardar tuhuma da hannunka.

Akwai wani zalunci da ba a cika lissafa shi ba, don ba mutum ɗaya ake yi wa ba. Mai bincike ya zauna a Abuja ko Landan ya karanta shafuka ya rubuta cewa mutanen Zamfara suna ganin kaza. Waɗanne mutanen? Masu babbar waya, masu kuɗin data, masu zama inda akwai sabis, yawancinsu maza, yawancinsu a birni. Matar da ke gudun hijira a kangon makaranta ba ta cikinsu. Bafulatanin da aka kore wa shanu, aka kuma ƙone masa ruga don laifin wani, ba ya cikinsu, sai dai a yi magana a kansa. A cikin masu yawan rubutun kuma akwai sojojin baka da ake biya duk wata, mutum ɗaya da shafi biyar. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, wasu wuraren sun daɗe fiye da haka. Duk wanda ya tattara abin da aka rubuta a kan Zamfara a waɗancan makonni, maganar 'yan Zamfara mazauna wasu jihohi ya tattara, da ta 'yan tsirarun da suka yi tattaki zuwa Funtuwa neman sabis. In bai faɗi haka a kundinsa ba, ya ari bakin mutane ya ci musu albasa.

Yanzu in juyo gida, wajenmu malamai, inda na fi ganin ɓarna. Ɗalibi ba shi da kuɗin zuwa ƙauye, kuma ko da kuɗin uwarsa ba za ta bar shi ba. Sai mu ce masa ya yi da soshiyal midiya. Ya shiga zauren matan unguwarsu ta wayar yayarsa, ko zauren masu fama da wata cuta, ya ɗauko hotunan allo, ya jera su a ƙarshen kundi a matsayin shaidar ya yi aiki, da lambobin waya da hotunan fuska ba a goge ko ɗaya ba. Ya kai shagon buga takardu a yi masa taifin da bandin. Kwafi ɗaya ya zauna a kwamfutar mai shago, wanda baɗi zai sayar wa wani ɗalibin. Sauran su tafi sashe da laburare. Mu kuma mu duba ko ya jera manazarta daidai, mu ja masa jan biro a kan waƙafi, mu ba shi maki. Na sa hannu a kan irin waɗannan kundaye. Ban san adadinsu ba, kuma ba na jin daɗin tunawa.

Ba wai babu doka ba. Tun 2007 Najeriya take da kundin ladubban binciken lafiya na ƙasa, kuma manyan asibitocinmu suna da kwamitocin da ke tantance bincike kafin a fara. Amma ɗalibin nazarin zamantakewa ko aikin jarida ko Hausa da wuya aikinsa ya bi ta gaban wani kwamiti, don an ɗauka wanda bai riƙe allura ba ba ya cutarwa. A Yunin 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin haɗari, kamar lafiyar mutum da ƙabilarsa da addininsa da ra'ayinsa na siyasa, ta kuma ce in yaro ne sai da yardar iyayensa. Kusan duk abin da ake nema a binciken tsaro a jihar nan yana cikin wannan jerin. Ku tambayi malamai goma masu duba kundi ko sun taɓa buɗe dokar.

Inda ake ƙoƙarin bin ƙa'ida ma, wani lokaci kwaikwayo ake yi ba tunani. A ɗauko takardar neman yarda mai shafi biyu da Turanci, a ce dattijo ya sa hannu ko ya dangwala. Mutumin da ya ga yadda takarda ta raba wani da gonarsa ba zai dangwala ba, kuma yana da gaskiya. In ya dangwala kuma, ka ƙirƙiri takardar da ke haɗa sunansa da maganarsa, ka saka ta a jakar da za ka bi da ita ta shingen bincike. Abin da ya dace da mu shi ne abin da muka saba da shi. Mai bincike ya yi saƙon murya da Hausa, ya faɗi ko shi wane ne, daga ina, me yake nema, ina maganar za ta je, wa zai iya karantawa, kuma duk wanda bai so ba ya faɗa ba tare da ya ba da dalili ba. A bar mutane su yi shawara kwana biyu. Yardar admin ba ta wadatar ba. Ni admin ne, makullin zauren aka ba ni riƙo, ba a ba ni bakin kowa ba. Kuma a maimaita sanarwar lokaci zuwa lokaci, don ana shiga ana fita, ana kuma mantawa.

Wanda yake ganin wannan duk tsirfa ce, ya tuna Kano. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Kaduna da nan Zamfara, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Yaran da suka shanye a shekarun da suka biyo baya ba su san Pfizer ba. Ban haɗa allura da hoton allo ba, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne, ranar da mutane suka gane an yi amfani da su ba da saninsu ba, ƙofar da suke rufewa ba ta mai laifin kaɗai ba ce.

Na ga haka da idona a zaurenmu. Kwana biyu bayan yaron ya turo maƙalar aka fara tambayar wa ya fitar da magana. Aka fara zargin juna, har an ambaci wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Dole na fito na ce ni ne. Na kira Dakta, hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya ce wallahi bai taɓa kawowa wani daga garin zai karanta mujallar ba. Wannan maganar tasa ta fi komai tsaya mini a rai. Mun saba rubutu a kan mutane da tunanin ba za su taɓa gani ba. Ya rubuta wa mujallar, bayan watanni aka cire sakin layin. Tsohon kwafin kuwa yana cikin wayoyin mutum ɗari.

Kawu ya zo Gusau ya yi mako uku a wajena har ƙura ta lafa. Allah ya rufa asiri, ba abin da ya same shi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ranar da zai koma, muna tsaye a tasha, ya ce, "Ɗana, baƙo ba laihi ba ne. Amma da ka hwaɗa muna akwai baƙo zaure, da na san abin da zan hwaɗi."

Ya fita daga zauren, dattawa huɗu suka bi shi. Waɗanda suka rage suna turo sanarwar ɗaurin aure da addu'ar Juma'a. In kawu ya ga wani motsi yanzu, ni yake kira, ya ce in rubuta kada in ce daga wa na ji. Da kakar bara ya kira ni sau uku da sassafe, wayar tana caji a ɗaki ina masallaci. Da na dawo na kira shi, ya ce an ga babura wajen gada. Na tura saƙon ƙarfe bakwai da kwata, motar kasuwa kuma bakwai take tashi. Ranar direban ya riga ya ji a bakin wani mai shayi ya fasa tafiyar. Har yanzu haka muke yi, ya kira ni, ni in rubuta.